Gurbin Hannun Habila a Bayan Jar Mota

Akwai wani mutum wanda tun yana saurayi son mota ya shiga ransa. Ba kuwa irin motar da ake ɗaukar iyali ko buhun masara ba. Shi dai motar tsere, mai kujera biyu tak, gajera kamar za ta lashi ƙasa, mai rufin tamfol wanda ake naɗewa baya don iska ta doki mutum.

Motarsa ta fari ja ce. Ya saye ta a hannun wani Bature mai haƙar kuza da zai koma ƙasarsu. Tana da kyau, tana da gudu, amma tana da wani mugun hali: ba ta tashi da makulli, sai an tura ta. Mutumin kuwa yana da ƙane mai suna Habila, wanda ya baro ƙauye ya zo ya zauna tare da shi a birni. Kowace safiya wan yakan shiga ya kama sitiyari, Habila kuma ya zagaya baya, ya dafa motar da hannu biyu, ya yi ta turi har ta yi tari ta kama. Sa'an nan ya ruga da gudu, ya yi tsalle ya faɗa kujerar gefe, su tafi suna dariya. Haka suka yi shekara da shekaru, rani da damina.

Ana nan sai harka ta buɗe wa mutumin. Ya sayi wata farar mota, ya ƙara da koriya, dukansu masu tashi da makulli. Ya kuma yi sababbin abokai, irin waɗanda ba su taɓa tura kome ba a rayuwarsu. Wata rana suka taru wurin liyafa, ya je da jar motar don a yaba. Da aka tashi, Habila ya zagaya baya kamar yadda ya saba. Sai wani daga cikin abokan ya ce, "Wannan fa, wane ne?"

Mutumin ya dubi ƙanensa, ya ga tsohuwar riga da takalmin roba, kunya ta kama shi. Ya ce, "Wannan? Mai tura mini mota ne."

Habila ya ji. Ya tura motar har ta tashi, amma ran nan bai yi tsalle ya shiga ba. Ya share hannuwansa a jikin rigarsa, ya juya ya tafi da ƙafa. Kashegari ya koma ƙauye, ya kama noma, daga baya ya auri wata mace mai suna Kande. Wan bai bi shi ba, ya ce fushi ne, zai huce. Amma magana zarar bunu ce, wadda ta fita ba ta komawa. Da ya ga ba mai tura masa, sai ya sayar da jar motar. Sauran biyun ma suka bi ta daga baya, ya shiga sayen manyan motoci irin na masu faɗa a ji. Tsakaninsa da Habila kuwa sai gaisuwar nesa, in an haɗu wurin jana'iza.

Kwanci tashi, mutumin ya tsufa, ya ajiye aiki, abokan liyafa suka watse. Yakan zauna a ƙofar gida shi kaɗai, ya ji wani abu yana cin ransa. Ya ce a zuciyarsa, "Motocin nan nawa ne nake kewa. Zan tashi in nemo su, duk inda suka shiga." Ku dubi wautar ɗan adam. Ciwo yana ƙafa, yana shafa magani a kunne.

Ya bi gareji gareji, ya tambayi tsofaffin makanikai da dillalai, wannan ya tura shi wurin wancan. Farar motar ya same ta a bayan gidan wata tsohuwa, ba taya, ba gilashi, kaji suna yin ƙwai a kan kujerar direba. Ya nemi ta sayar masa. Tsohuwar ta ce, "Baba, ka rufa mini asiri. In ka ɗauke ta, kajina a ina za su kwana?" Ya tsaya ya dubi motar, ya ga ko an ba shi ba abin da zai yi da ita, ya wuce.

Koriyar kuwa ta faɗa hannun 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, tun tuni. Ya bi sawunta har rumfar maƙera masu zuba tukwane. Babbansu ya yi dariya ya ce, "Motarka tana nan a gidajen mutane, ana dafa tuwo a cikinta." Ya miƙa masa ludayi guda, ya ce ya riƙe don tunawa.

Jar motar ce ta fi ba shi wahala. Ta sauya hannu sau da yawa, har aka ce masa ta bar ƙasar. Daga ƙarshe ya same ta a wani gari mai nisa, a rumfar wani tsohon likita, an lulluɓe ta da tabarma. Da aka yaye tabarmar, ya zagaya ta yana shafawa, har ya kai bayanta, sai ya tsaya cik. A wuri biyu fentin ya goge har ƙarfe ya fito, dama da hagu, kowanne daidai faɗin tafin hannu. Likitan ya ce, "Na daɗe ina mamakin wannan. Duk wanda ya yi shi, ya sha turi."

Mutumin ya ƙura wa gurbin hannun ido. A nan ne ya gane cewa ba mota yake kewa ba, ƙanensa yake kewa. Da ma daga nan ya nufi tasha ya shiga motar ƙauyensu, da labarin nan ya ƙare da farin ciki. Amma sai ya ce, "Ba zan je masa hannu rabbana ba. Zan gyara motar nan ta koma kamar ranar da na saye ta, in tuƙa ta har ƙofar gidansa, in buɗe masa ƙofa ya shiga. Daga gani zai san na tuba, ba sai na yi magana ba." Gaskiyar ita ce, gyaran mota ya fi masa sauƙi a kan ya buɗe baki ya ce, "Na yi maka laifi."

Ya saye ta a hannun likitan, aka ɗora ta a babbar mota aka kai gareji. Ana cikin aiki sai ga wani mutumin ƙauyensu da ke kawo doya kasuwa. Ya ce, "Kande ta aiko ni. Habila ba shi da lafiya, yana ambatonka."

Ya ce, "Ka ce ina zuwa. Akwai abin da nake shirya masa."

Injin ya gyaru, saura kujeru. Kujeru suka gyaru, saura fitila, wadda sai an aika a nemo. Mai doya ya sake dawowa, ya ce, "Jikin fa ya yi tsanani. In za ka zo, ka zo."

Ya ce, "Fenti kaɗai ya rage. Ka ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan."

Aka fesa mata fenti tana ƙyalli, ban da gurbin hannun nan biyu, waɗanda ya hana a taɓa. Amma halinta yana nan, duk ƙoƙarin makanikai ta ƙi tashi da makulli. Ranar tafiya masu gareji suka tura masa, ya kama hanya yana ta shirya yadda zai yi sallama.

Da ya shigo ƙauyen, sai ya ga mutane suna dawowa daga bayan majami'a, maza riƙe da shebur da fartanya, mata suna raira waƙa a hankali. Ya kashe motar a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya fito. Kande ta fito daga cikin matan, ta dube shi, ta dubi motar.

Ta ce, "Yaya, kun iso? Yanzu muka rufe shi."

Ya ce, "Na kawo masa motar ne."

Ta ce, "Bai taɓa tambayar mota ba, Yaya. Ku yake tambaya. In ya ji motsi a ƙofa sai ya ce, Kande, duba ko Yaya ne. Ya ce in gaya muku ya yafe tun ranar liyafar nan. So yake kawai ya faɗa muku da bakinsa."

Mutumin ya zauna cikin masu makoki har yamma, bai ci ba, bai sha ba. Da ya tashi tafiya, 'yan ƙauyen suka taso za su tura masa, ya ɗaga musu hannu ya ce su bari. Ya zagaya baya, inda bai taɓa tsayawa don turi ba tun da ya fara mallakar motar. Ya sa tafinsa a gurbin tafin Habila, ya tura da iyakar ƙarfinsa. Da ƙyar ta motsa.

Ya ce, "Ashe haka take da nauyi. Bai taɓa gaya mini ba." Ya kifa goshinsa a kan ƙarfen, ya yi kuka mai zafi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, sau da yawa abin da muke yawon nema ba shi ne abin da muka rasa ba. Motocin nan su ne kayan duniya da kwanakin ƙuruciya. Ka bi su in kana so, za ka tarar kaji sun kwana a wata, an narkar da wata. Gurbin hannun kuwa shi ne wahalar da wani ya sha dominka kana zaune a gaba kana riƙe da sitiyari. Kowannenmu akwai wanda ya tura shi. Wani uwarsa ce, wani matarsa, wani ƙanensa da ya bar makaranta don shi ya yi karatu. Mun ji daɗin gudun, ba mu taɓa tambayar nauyin ba, har waɗansunmu sun ji kunyarsu a gaban baƙi.

Amma abin da ya fi ba ni baƙin ciki a labarin nan ba maganar liyafa ba ce, gama wannan an riga an yafe ta. Jinkirin gareji ne. Mutumin ya gane laifinsa, Ubangiji kuma ya aika masa da kira har sau biyu ta bakin mai doya, amma ya tsaya fenti. Haka muke yi da 'yan'uwanmu, haka kuma muke yi da Allah. Mukan ce, bari in gyara halina tukuna, bari in sami abin da zan riƙa a hannu, bari Kirsimeti ta zo. Allah bai ce ka zo kana ƙyalli ba. Ya ce ka zo, yadda kake, tun da sauran rana. Iyayenmu ma sun ce zumunci a ƙafa yake, ba su ce a mota ba.

Na san a cikinmu yau akwai wanda, tun da na fara labarin nan, wani suna yake yawo a zuciyarsa. Kada ka ce sai ka shirya. In an tashi daga sujada, kafin ka ci abinci, ka nufi ƙofarsa, ko da hannu wofi, ka faɗi maganar da bakinka. Wataƙila shi ma yana can yana cewa a duba ko kai ne.