Kanarin da Ya Ƙi Yin Waƙa a Majami'a

Akwai wani manomi mai taimakawa da wa'azi a ƙauyensu. Mutumin kirki ne, amma da zarar ya buɗe baki sai jama'a su fara gyangyaɗi. Dattawan ikkilisiya suka ce masa, “Saura Lahadi ɗaya. In aka sāke yin barci, za mu ba wani.”

Yana da kanari a keji. Matarsa ta ce, “Maigida, ka fara da abu ɗaya game da tsuntsun nan, za su saurara.”

Ya zauna gaban keji da fensir har kwana shida. Ya rubuta yadda kanarin yake ɓare acca, da yadda yake wanka a murfin kwalba, da ƙafar da yake fara sawa a ruwa. Abu talatin da bakwai ya rubuta.

Matar ta ce, “Ɗaya na ce.”

Ya ce, “Wanne zan bari? Duka gaskiya ne.”

Ran Lahadi ya ajiye kejin a kan tebur, ya ce wa jama'a yau za su ji waƙa. Kanari ya dube su, ya yi shiru. Mutumin ya yi masa fito, ya kaɗa keji. Ko uffan. Sai ya ɗauki takardunsa ya fara karatu. Kafin ya kai na goma sha biyu, Baba Istifanus, babban dattijo, ya soma minshari.

Mama Tabita, wata tsohuwa daga bencin mata, ta ɗaga murya. “Malam, mun ji ƙafarsa ta hagu. Shi mai ƙafar, bebe ne, ko shi ma barcin yake ji?”

Aka fashe da dariya. Kunya ta kama shi. Ya ce, “Ku gafarce shi, Mama. Gashi yake sākewa. In tsohon gashi yana zuba, sabo yana fitowa, ba ya waƙa, don ƙarfinsa duka yana can. In ya gama, muryar za ta dawo.”

Tsohuwar ta ce, “Ashe ba mutuwa muryar ta yi ba?”

“A'a, Mama.”

“Wannan na nawa ne a takardarka?”

Ya duba, ya duba. “Ban rubuta shi ba. Na ga kamar abin kunya ne.”

Aka sāke fashewa da dariya, ita ce ta tā da Baba Istifanus. Da aka faɗa masa abin da ya wuce, ya ce, “Ka ci gaba da wa'azi. Amma takardun, matarka ce za ta riƙa riƙewa.”

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan mu ne, mu masu koyarwa. Mukan tara abin da muka sani, mu juye wa mutane duka, mu ɓoye abu ɗayan da suka zo nema. A kowane benci akwai wanda waƙarsa ta ɗauke, saboda ciwo, ko rashi, ko tsufa. Mu da muka binne yawancin waɗanda muka yi waƙa tare da su mun san wannan shirun. Irin wannan mutum bai zo don ya ga yawan saninka ba. Yana so ya ji ko Ubangiji ya gama da shi. Ka faɗa masa bai gama ba, sa'an nan ka zauna.