Wanda Malama Ba Ta Tambaya Ba

Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da duk garin ke kira Malama kawai, kamar babu wata malama sai ita. Ta koyar da iyaye, ta koyar da 'ya'yansu, sai da ta ga jikokinsu sun fara rataya jaka sannan ta ajiye alli. Mace ce mai ibada, mai kyauta, ba ta cin haƙƙin kowa da gangan. Amma tana da hali guda da ya zame mata ciwo: ba a gyara mata magana. In ta faɗi abu, to ya zauna. Ko a aji, in ta gama bayani sai ta ɗaga gira ta ce, "Ko ba haka ba?" Yara su amsa baki ɗaya, "Haka ne, Malama."

Da ta yi ritaya ba ta zauna ba. Ta sayi 'yar rikoda, ta shiga bin gidaje da shaguna tana tattara tarihin garin: yadda aka kafa kasuwa, wanda ya haƙa rijiyar farko, shekarar da ruwa ya ci gada. Kaset-kaset suka cika mata kanta guda a falo. Daga baya aka buga mata ƙaramin littafi, makaranta ta karɓa tana koyar da yara da shi.

Duk duniya abu biyu Malama ke ji da su, wannan tarihin da jikarta. Yarinyar 'yar ɗanta ce, uwarta ta rasu tun tana rarrafe, Malama ta ɗauke ta ta raina. Sunanta aka sa mata, don haka Takwara take kiranta. A cinyarta yarinyar ta koyi karatu, a gabanta ta girma har ta zama malama a makarantar da kakarta ta yi aiki. Babban burin Malama shi ne ranar da ta kwanta dama, Takwara ta ɗauki tarihin nan ta ci gaba da koyar da shi yadda ta bar shi.

"Ni ba ni da gona, ba ni da gidan haya," takan ce. "Kantar nan ce gadonki."

"To, Allah Ya ƙara miki lafiya, tsohuwa," in ji Takwara tana dariya. "Ni ban shirya cin gado yanzu ba."

A cikin littafin akwai labarin rufin ajin da ya rufta shekaru masu yawa da suka wuce. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yara sun ji rauni, ɗaya ya gurgunce. Ranar Malama ba ta makaranta, tana gida tana jego. Da ta dawo, shugaban makaranta na lokacin ya ce mata kafintan da ya yi rufin ne ya yi ha'inci, ya sa ruɓaɓɓen katako. Ta riƙe wannan a ranta. Da ta zo rubuta tarihi, ta nemi waɗanda ke cikin ajin ranar, duk ɗalibanta ne, suka tabbatar mata. Haka ta rubuta. Shi kuwa kafinta tun daga ruftawar rufin babu wanda ya sake ba shi aikin kirki, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya bar 'ya mace guda, ita ma yanzu furfura ta fito mata.

Wata rana Takwara ta kai ɗinki wurin tela. Telan nan shi ne yaron da ya gurgunce. Yana auna ta suna hira, ta ce masa an gama sabon ginin azuzuwa a inda tsohon yake, kuma an gayyaci kakarta ta yi jawabi ranar buɗewa.

Tela ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Allah Ya sa dai kar su loda wa wannan bencina a sama."

"Wane bencina, Baba?"

"Karyayyun bencina mana. Ai mu muka hau da su. Shugaban makaranta ya ce a ɓoye su cikin silin saboda baƙi za su zo duba makaranta. Bawan Allah kafinta ya zo yana ta roƙo, yana cewa rufin nan ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Aka ce ya kama gabansa. Ni na fi kowa ɗauka, don na fi kowa rawar kai. Ga sakamakon nan, ƙafa nake ja."

Takwara ta ce, "Baba, amma da Kaka ta tambaye ka, me ya sa ba ka faɗa mata haka ba?"

Tela ya kwashe da dariya. "Ke 'yar nan! Ai ba tambayata ta yi ba. Ta zauna a kujerar nan, ta kunna rikoda, ta ce, 'Kafinta ya sa ruɓaɓɓen katako, rufi ya faɗo muku, ko ba haka ba?' Ni kuma na ji kamar ina aji. Wallahi har yau in ta shigo shagon nan sai na duba farcena ko da datti."

Takwara ba ta tsaya nan ba. Ta sami wani direban motar asibiti da wata nas, su ma suna cikin ajin ranar. Ba ta faɗa musu komai ba, ta ce kawai su ba ta labari. Dukansu suka ambaci bencina.

Da yamma bayan sun idar da sallah, ta zauna kusa da kakarta tana matsa mata ƙafa, ta kwashe duka ta faɗa mata. Malama ta janye ƙafarta.

"Wato ke da na koya wa riƙe fensir, yau ke za ki koya mini tarihi?"

"Ba koya miki zan yi ba, Kaka. Cewa na yi a sake tambaya."

"Na tambaya. Da bakinsu suka faɗa. Ga kaset can, je ki kunna."

"Na sha kunnawa. Muryarki ce ta fi yawa a ciki."

Malama ta miƙe zaune. Ba a taɓa yi mata irin wannan ba, balle a cikin falonta. Ta ce gobe za ta kira su dukansu, a yi ta a gaban Takwara, kowa ya huta.

Washegari suka zo, tela da direba da nas. Manyan mutane masu jikoki, amma suka jeru a doguwar kujera kamar masu jiran bulala. Malama ta gyara tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji ana wasu maganganu. Rufin nan ruɓaɓɓen katako ne ya kayar da shi, kamar yadda kuka faɗa mini tun farko. Ko ba haka ba?"

Direba ya dubi ƙasa. Nas ta shiga gyara ɗankwali. Tela ya yi tari. Sannan suka ce a hankali, "Haka ne, Malama."

"To kin ji."

"Kaka, don Allah ki shiga ɗaki na ɗan lokaci, ki bar ni da su."

"A gidana? In tashi in ba ki wuri ki juya mini shaidu? Ba a haifi mai tayar da ni ba tukuna."

Da baƙin suka tafi, Takwara ta durƙusa gabanta. Ta ce ba ta nemi a ƙona littafi ba, shafi ɗaya ne. Ta ce mutumin nan yana kabari da laifin da bai yi ba, 'yarsa kuma tana raye ana nuna ta da baki. Ta ce in Kaka ta gyara da kanta ranar buɗe gini, girma za ta ƙara.

"In na gyara shafi ɗaya, gobe wani ya zo ya ce in gyara na biyu," in ji Malama. "Abin da na rubuta na rubuta. Kuma ranar taro zan maimaita shi, in ga wanda zai hana ni."

"To ni ma ki sani, Kaka, ba zan tsaya gaban yara in koyar da abin da na san ba gaskiya ba ne. Kuma in kika faɗa a gaban jama'a, zan tashi."

"Ki tashi mana. Ƙafarki ce."

Har ranar taron ba su sake tayar da maganar ba. Takwara tana dafa mata abinci, tana ba ta magani, tana wanke mata kaya kamar kullum. Malama kuwa a ranta ta ɗauka barazana ce ta yarinta. Yarinyar da ta goya, ta yaya za ta kunyata ta?

Ranar buɗe gini ɗakin taro ya cika da iyaye da yara da tsofaffin ɗalibai. Aka riƙo hannun Malama aka kai ta gaba ana tafi. Ta yi magana mai daɗi a kan yadda makarantar ta fara da aji guda, mutane suna gyaɗa kai. Sannan ta zo kan rufin. Tana iya tsallake shi, babu wanda zai lura. Amma ta hango Takwara a layin malamai, sai ta ɗaga murya ta ce, "Wannan kuwa ha'incin kafinta ne, Allah Ya raba mu da ha'inci."

Takwara ta miƙe.

"Ki gafarce ni, Kaka. Baba tela, ga ka nan. Ba zan faɗa maka amsa ba. Don Allah faɗa wa jama'a abin da idonka ya gani ranar."

Tela ya dafa sandarsa ya tashi. Bai dubi Malama ba, ya dubi yaran da ke zaune a ƙasa. Ya ba da labarin bencina daga farko har ƙarshe, har da roƙon da kafinta ya yi. Kafin ya rufe baki nas ta miƙe ta ce ita ta riƙe tsani. Direba ya miƙe. Wasu tsofaffi daga baya, waɗanda Malama ta manta ma suna cikin ajin, su ma suka miƙe.

Malama ta buga tebur da tafin hannu, ta daka tsawa da muryar nan da ta taɓa sa aji guda ya yi tsit.

"Ku zauna!"

Babu wanda ya zauna. Ba su yi mata rashin kunya ba. Suka tsaya kawai, kawunansu a sunkuye.

Abin da ya biyo baya ya fi taron zafi. Mutane suka fara tambayar juna, in haka aka yi labarin rufi, to labarin gada fa? Na kasuwa fa? Da yawa a cikin littafin gaskiya ne tsantsa, Malama ta sha wahala kafin ta samo su, amma yanzu wa zai iya rarrabewa? Tsofaffin da za a koma a sake tambaya, akasarinsu sun rasu. Makaranta ta janye littafin daga azuzuwa. Takwara ba ta bar kakarta ba, ba ta rage mata komai na hidima ba. Amma da Malama ta nuna mata kantar kaset-kaset ɗin wata rana ta ce, "To gadon naki fa?" sai yarinyar ta share hawaye ta ce, "Zan adana miki su, Kaka. Koyarwa kuwa, sai abin da na sake tambaya da kaina."

Duk da haka Malama ba ta sauko ba. Tana cewa an haɗa mata baki ne, yaran zamani ba su san girman na gaba ba.

Ana nan sai wata safiya aka yi sallama. 'Yar kafinta ce. Malama ta gyara zama ta ɗaure fuska, tana jiran zagi, ta riga ta tanadi amsa. Matar ta gaishe ta da ladabi, ta ƙi zama a kujera.

"Malama, ban zo ki ba ni haƙuri ba. Abu ɗaya na zo in faɗa miki. Lokacin da kika fara yawo da rikoda, mahaifina yana raye. Gidanmu yana bayan makaranta, kina wucewa ta ƙofarmu. Duk ranar da aka ce kin shigo layinmu, sai ya sa a share tsakar gida, ya saka rigarsa mai kyau, ya zauna. Yana cewa, 'Malama mai ilimi ce, dole za ta zo ta ji ta bakina.' Kin shiga gidan dama, kin shiga gidan hagu. Har ya rasu yana jiranki."

Matar ta yi mata sai an jima, ta saka takalmanta ta fita. Malama ta daɗe zaune tana kallon ƙofa. A ranar ta yarda ta yi kuskure, amma wanda ya kamata ya ji hakan daga bakinta ba ya duniya, kuma tarihin da ta so ta bar wa jikarta ya riga ya zube.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda Allah Ya ba girma har mutane ke jin nauyinsa, to ya ji tsoron "haka ne" ɗin da ake ce masa, don sau da yawa kunya ce ke magana ba gaskiya ba. In za ka yi tambaya, ka yi tambaya ka yi shiru, kar ka sa wa mutum amsa a baki. Kar ka yanke wa kowa hukunci ba ka ji ta bakinsa ba, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a gari. In kuma aka nuna maka kuskurenka, ko ɗan da ka goya ne ya nuna, ka karɓa tun da sauran lokaci. Shafi ɗaya Malama ta ƙi gyarawa, ta rasa littafin duka, ta kuma ɗauki haƙƙin bawan Allah da ba za ta iya neman yafiyarsa ba. Allah Ya ba mu ikon karɓar gaskiya daga duk inda ta fito.