Fil Ɗin da Ya Rage a Tasar Nomau

An yi wani mutum a wani gari da ke kan tudu, tun zamanin da ake iya ƙirga baburan garin da yatsu. Sunansa Nomau. Bawan Allah ne mai gyaran babur a gindin wata tsamiya, bayan tasha. Ba shi da shago. Buhu yake shimfiɗawa, ga akwatin sifanu, ga wata tsohuwar tasa da yake zuba ƙananan ƙarafa a ciki idan ya kwance su.

Ku riƙe tasar nan a ranku. A kanta zancen zai ƙare.

Baburan lokacin baƙin ƙarfe ne zalla. Ga nauyi, ga gudu, tsayawa kuwa sai an roƙe su. Hanya ɗaya ce ke sauka daga garin zuwa fadama, gangara mai tsawo, a ƙarshenta siririyar gada, rafi a ƙasa. Mutanen garin kuma suna da wata al'ada: duk wanda ya sami babur sai ya sassauta wayar birkin gaba, wai shi ke wurgar da mutum ta kai. Sai su dogara da na baya, da tafin takalmi.

Nomau bai yarda da wannan ba. Ko faci ka kawo masa, sai ya taɓa birki. Ya kwance taya, ya wanke cikin kaskon birkin da fetur, ya goge takalman birkin da samfefa har sheƙinsu ya mutu. Sannan ya shafa musu alli, ya mayar, ya juya taya, ya sake buɗewa ya ga inda allin ya goge da inda bai taɓa ba. Ya kankare tudun, ya sake. Sau uku, sau biyar, har sai duk fuskar takalmin ta kama. Wayar gaba kuwa sai ya ɗaure ta, ya koya maka matsa ta a hankali, yatsu biyu, tare da ta baya.

Idan ya gama, sai ya ja layi a ƙasa da sifana. Ya ce ka je can bakin tasha ka taho da gudu. Shi kuma ya tsaya a kan layin, hannuwa a baya.

Ku saurara, jama'a. Shi da kansa yake tsayawa. Ba dutse yake ajiyewa ba.

Maƙwabcinsa a sana'a, wani Barau, shi ya laƙaba masa Sarkin Birki don ba'a. Yakan ce wa masu shayi su tanadi likkafani, wata rana za a kwashe Sarki a faranti. Shekara goma sha ɗaya taya ba ta taɓa gwiwarsa ba. Sunan ba'a ya koma na gaske, har ana cewa hannun Nomau ba ya mantuwa. Ba shi da gona, ba shi da gida nasa. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka.

Ran wata kasuwa, Malam Ilu malamin dabbobi ya kawo nasa. Tsohon babur ne da ya gada daga wansa, ya girmi wasu magidanta. Ya ce bayan azahar zai gangara fadama yi wa shanu allura, kuma birkin ya fara yi masa gardama. Nomau ya yi aikinsa tun hantsi, ya ja layi, ya tsaya. Malam Ilu ya taho a guje, ya matsa, babur ya tsaya cak, saura taku guda. Aka yi ta sa albarka. Malam Ilu ya hau ya nufi kara, inda ake cinikin shanu, don ya ga wasu Fulani kafin ya wuce.

Nomau ya zo tattara kaya zai yi alwala. Ya ɗaga tasa. Wani abu ya yi ƙara a ciki.

Ɗan fil ne, bai kai tsinken ashana ba. Shi ake sokawa a bayan notin da ke riƙe kaskon birkin baya, don kada girgizar hanya ta warware shi. Babur ɗaya ya kwance ranar. Babu wani wanda zai ɗora wa laifi.

To a nan Shaiɗan ya zo, kuma bai zo da ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Ya ce masa ai ka ɗaure notin tamau, zai iya kai wata guda. Babu wanda ya gani. Jefa shi a aljihu, ran da ya dawo ka soka a ɓoye. Idan ma wani abu ya faru a gangara, wa zai ce kai ne? Cewa za a yi tsohon babur ne, kwana ya ƙare.

Duk kamar gaskiya ne. Nomau ya tsaya da fil a tafin hannu, har Barau ya leƙo ya tambaya ko Sarki zinariya ya tsinta.

Nomau ya ce, "Mantuwa na yi."

Ya ɗauki sifana ɗaya, ya ruga. Mutum mai furfura, yana gudu a tsakiyar kasuwa, yana ture buhunan masu gero.

Ya iske Malam Ilu a kara, ya riga ya hau, mutane kewaye da shi, yana ba su labarin yadda babur ya tsaya a gaban Nomau. Da ya hango shi sai ya ce ga ma mai aikin nan, a zo a ga hannun da ba ya kuskure.

Nomau ya buɗe tafinsa. "Malam, sauka. Ban gama ba. Wannan na cikin babur ɗinka ne, na bar shi a tasa."

Dariya ta tashi daga baya. Barau ya biyo shi ashe, yana cewa a buɗe hanya, yau Sarki ya sauka daga gado. Fuskar Malam Ilu ta canza. Ya ce ashe da ransa ake wasa, shi da ya gama yabon mutum a gaban jama'a. Ya faɗi maganganu masu zafi. Nomau bai kare kansa ba. Allah ya ba ka haƙuri kawai yake cewa, yana durƙushe.

Malam Ilu ya ce a nuna masa wurin. Ya sunkuya, ya kai yatsu biyu ga notin. Notin ya juya. Daga tsamiya zuwa kara kawai, a kan hanyar duwatsu, har ya fara saki.

Malam Ilu ya ɗaga kai ya dubi inda hanya ta karya ta yi ƙasa. Ya daɗe yana dubawa.

Nomau ya kwanta a cikin kashin shanu ya ɗaure noti, ya soka fil, ya lanƙwasa bakinsa. Ya tashi ya ja layi nan cikin kara, ya tsaya a kai, hannuwa a baya. Malam Ilu ya ce ba sai an yi ba, ya yarda. Nomau ya ce shi bai yarda ba tukuna. Aka yi. Babur ya tsaya.

Kada ku zaci an ɗauke shi a kafaɗa. Wasu sun janye, suka koma wurin Barau, suna cewa wanda ya manta sau ɗaya zai sake. Maganar hannun da ba ya mantuwa ta mutu ran nan, kuma shi ya kashe ta da bakinsa. Malam Ilu dai ya sauka fadama ya dawo, ya ci tuwo da 'ya'yansa. Ya yi shekara ashirin yana hawa da sauka a gangarar nan. Ni da irin Nomau nake alfahari. Namu ne, talaka ne, a gindin bishiya ya rayu.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan: amana ba rashin kuskure ba ce. Amana ita ce ka bi kuskurenka da gudu tun bai kashe wani ba, ko da sunanka zai zube a kasuwa. Kai mai gyara, kai mai sayar da magani, kai birkila da ka san ƙarfen da ka rage a ginin mutane, ke da kika faɗi magana a kan wata kika gano ba haka ba ne, kowannenmu yana da tasa. Kafin ka yi alwalar la'asar yau, ɗaga taka ka girgiza. Idan ka ji ƙara, mai babur bai kai gangara ba tukuna. Tashi ka bi shi.

Allah ya ba mu ƙafar gudu a ranar.