Tsuwar da Ta Shiga Waƙar Inna

Akwai wani mai ɗaukar sauti da mutanen unguwa ke kira Mai Sauti, a gida kuma Auta ake ce masa. Ɗakin da ke kusa da zaure ya mayar situdiyo. Ya manna soso a bango, ya kafa makirfo, mawaƙa da masu talla suna ta sintiri.

Da aka ja masa intanet, sai ya haɗa wayar intanet ɗin da wayar makirfo ya ɗaure su wuri ɗaya a gindin bango, don kada ɗakin ya yi kaca-kaca. Wayar makirfon tsohuwa ce, rigarta ta sassaɓe. Tun daga ranar wata siririyar tsuwa ta fara shiga duk abin da ya ɗauka, kamar kukan gyare a cikin kunne.

Ya san inda matsalar take. Aikin yini guda ne: a janye teburi, a raba wayoyin, a sa sabuwa. Amma kullum akwai mai jira a ƙofa, sai ya riƙa rage tsuwar a kwamfuta yana cewa gobe.

Mahaifiyarsa tana zaune tare da shi a gidan. Tana da waƙoƙin reno da ta koya a bakin kakarta, da su ta goyi 'ya'yanta duka. Ta daɗe tana yi masa magana.

"Auta, kai da kake ɗaukar muryar kowa, yaushe za ka ɗauki tawa? Ko sai na yi gashi da kitso irin na mawaƙanka?"

"Haba Inna, ke ai babbar baƙuwa ce. Bari in gyara ɗakin tukuna."

Wata rana da hantsi ta shigo da kanta, ta zauna gaban makirfo, ta gyara mayafi. Ya sa mata abin ji a kunne tana dariya, ya danna ɗauka. Ta fara rerawa a hankali, muryar tana rawa kaɗan amma da zaƙinta.

Shi kuwa tsuwar kawai yake ji. Ba ta kai ƙarshen baiti na biyu ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Inna. Ba zai yiwu haka ba, ƙarar nan ta ɓata komai. Sai wani lokaci."

Ta cire abin kunnen ta ajiye. "To, Allah Ya kai mu," ta ce, ta dafa bango ta fita.

Kafin watan ya ƙare ciwo ya kwantar da ita. Magana ta fara yi mata wuya, daga nan Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, ya shiga ɗakin ya janye teburin. Ya yanke ɗaurin, ya bi da wayar intanet ta ɗaya bangon, ya sa sabuwar wayar makirfo. Kafin la'asar ya gama. Ya sa abin ji a kunne: tsit, ko ɗigon ƙara babu. Ya daɗe a zaune yana kallon kujerar da ke gaban makirfo. Tun daga ranar ba ya iya zama a ɗakin shi kaɗai sai ƙofa a buɗe.

Da yayarsa ta zo tattara kayan marigayiya, ta tsaya a bakin situdiyon.

"Auta, Inna ta faɗa mini a waya ka ɗauki waƙarta. Har cewa ta yi ta zama tauraruwa. Sa mini in ji."

Ya nemo waƙar a kwamfuta ya kunna. Muryar Inna ta cika ɗakin, tsuwar tana bin ta a baya. Yaya ta rufe ido tana motsa baki tare da ita, ko alamar ta ji wata ƙara babu. Sai ga muryarsa ta faɗo a tsakiya: "Tsaya, Inna."

Yaya ta buɗe ido.

"Ina sauran?"

Ya sunkuyar da kai.

"Daga nan ne nake mantawa," ta ce a hankali. "Na ɗauka kana da shi."

Darasi: Kada jiran komai ya yi daidai ya sa ka katse wanda ba ka da tabbacin sake jin muryarsa. Waya tana jiran gyara, iyaye ba sa jira. In naka suna raye, ka saurare su yau, kuma ka tura wannan ga wanda ke ta cewa gobe.