Kara Ɗaya a Bayan Kunne

Shekari ma'aikaci ne a wata masaƙa da ke Kakuri, yana zaune a Sabon Tasha da matarsa Juliana da 'yarsu Mercy. Mutumin kirki ne, amma yana da nauyin baki. Ba ya iya cewa a'a, musamman ga wanda ya girme shi.

A farkon shekarar 1999 tari ya kwantar da shi. Likita ya ce masa huhunsa ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. Shekari ya tsorata, ya bar sigari. Sai dai bai faɗa wa kowa a wurin aiki ba, wai kada a yi masa dariya.

Kullum aka tashi aiki, Baba Ishaku, dattijon da ya samo masa aikin, yakan miƙa masa kara ɗaya a bakin ƙofa. Shekari sai ya rusuna ya karɓa, ya maƙale a bayan kunne, ya ce, "Sai anjima, Baba." In ya isa gida ya jefar.

Juliana ta ce, "Baban Mercy, ka buɗe baki ka ce ka daina mana. Kalma nawa ce?"

Ya ce, "Haba! Babba ya ba ni abu in mayar masa? Ai rashin tarbiyya ne."

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, ma'aikata suka taru suna murna. Baba Ishaku ya miƙa masa sigari, ya ce, "Yau babu anjima!" Ya ƙyasta ashana da kansa, ya riƙe masa. Kowa na kallo. Shekari ya zuƙa, kuma daga ranar bai sake ajiyewa ba.

Bayan shekara biyu aka kwantar da shi a asibiti, numfashi da ƙyar. A nan Juliana ta gaya wa Baba Ishaku abin da likita ya faɗa tun farko. Dattijon ya zauna a bakin gado yana hawaye.

Ya ce, "Ɗana, me ya hana ka faɗa mini? Allah ya sani, da na ji, ko kusa da kai ba zan kunna ba."

Shekari ya buɗe baki zai amsa, numfashin bai isa ba. Bayan kwana uku ya rasu.

Mai karatu, in ka bar taba, ka faɗa a fili. Ka dubi mai miƙo maka, ka ce, "Na gode, na daina." Wannan ba raini ba ne. Mai ƙaunarka zai ji, amma sai ka faɗa masa tun kana da numfashin faɗa.