Rigar da Ke Rataye a Ɗorawa

A wani ƙauye da rafi ya ratsa tsakaninsa da gonaki, akwai wani manomi wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku. Babbar sunanta Afiniki, shekararta tara. Mai bi mata Damaris, shekararta shida. Autan kuwa Sila, bai cika huɗu ba, idan ya gaji har yanzu sai an goya shi.

Da aka gama zaman makoki mutane suka watse, surukarsa, wato uwar marigayiyar, ta kira shi gefe. Tsohuwa ce mai tsoron Allah, amma ba ta iya zagaye-zagaye a magana ba.

Ta ce, "Baban Afiniki, ka san al'adarmu. Idan uwa ta tafi ta bar ƙananan yara, danginta ne suke ɗauka. Sai dai na ga yadda suka manne maka. Zan bar maka su wannan damina. Wata rana zan zo in duba, ba kuwa zan faɗa maka ranar ba. In na tarar sun lalace, zan tattara su mu tafi."

Ya ce, "Na ji, Mama." Amma a ransa ya san idan aka raba shi da yaran nan, ba abin da ya rage masa a duniya.

Sai aiki ya rufe shi. Da sassafe ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya dama kunu, ya yi wa Sila wanka, ya sallami 'yan matan zuwa makaranta, ya miƙa Sila gidan maƙwabciya, ya zuba wa awaki ciyawa, sa'an nan ya saɓa fartanya. Da yamma kuma ga tuwo yana jiransa. Tuwonsa na farko, ko karen gidan sai da ya shinshina ya yi dogon tunani kafin ya ci.

Yaran dai yana kula da su iyakar ƙarfinsa. Kansa ne ya manta. Gemu ya cika masa fuska, gashi ya cukurkuɗe, ƙafafu suka yi faso. Rigar da ya yi noma da ita, da ita yake tuƙa tuwo, da ita yake kwana. Ranar Lahadi sai ya laɓe a bencin baya na majami'a, ana yin addu'ar rufewa ya sulale. A ganinsa ma wannan ita ce ƙauna. Yakan ce wa kansa, mai yara uku ina ya ga lokacin duba madubi?

Wata rana da yamma suna cin abinci a tsakar gida, ya lura Damaris ba ta ci. Ta zuba masa ido kawai.

Ya ce, "Ci mana, uwata."

Ta ce, "Baba, kai ma ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Me kika gani?"

Yarinyar ta ce, "Haka Mama ta fara. Ta daina kitso, ta daina canja zane. Sai ta kwanta."

Ya dubi Afiniki, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Nan ya gane ba Damaris kaɗai take ɗauke da wannan tsoro ba. Makonni ke nan yaransa suna kallonsa yana lalacewa, suna jiran ranar da shi ma zai kwanta. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ji kunya da baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko a ranar jana'iza.

Kashegari ya tafi wurin wanzami. Da ya dawo ya buɗe akwati ya fito da rigunansa na kirki, su biyu ne tak, ya kuma zaro dutsen guga na gawayi wanda matarsa take amfani da shi. Lokaci dai bai ƙaru masa ba. Aikin jiya shi ne aikin yau. Amma mutumin nan ya zauna ya yi dabara, dabarar kuwa ta isa a yaba mata.

Kowace safiya idan ya sauke kunu, ba ya kashe wutar. Sai ya kwashe garwashin da ya rage ya zuba a dutsen guga. Kafin kunu ya huce har yara su iya sha, ya goge rigunan makaranta biyu da rigarsa ɗaya. Rigar nan ba ya sa ta. Yakan ninke ta ya saka a wata tsohuwar jaka, tare da soso da sabulu da mataji da ɗan gwangwanin man kaɗanya. A bakin rafi, ta gefen gari, akwai wata bishiyar ɗorawa. Nan yake rataye jakar a reshe, ya haye zuwa gona da tsummansa na aiki.

Idan ya tashi daga gona, ba ya wucewa gida kai tsaye. Sai ya tsaya a rafi ya yi wanka, ya goge dugadugansa a jikin dutse, ya shafa mai, ya taje kai, ya sa rigar da ya goge da safe. Ta gonar kuma ya wanke ta nan take ya riƙo a hannu. Ranar Asabar shi da kansa yake tsefe wa 'yan matan kai ya wanke, ya yanke wa kowa farce, sa'an nan maƙwabciya ta yi musu kitso. Da farko yatsunsa na noma sun sa Damaris hawaye, daga baya hannunsa ya yi laushi.

Mutanen gari ba su bar shi ya huta ba. Akwai waɗansu maza masu zaman mararraba, irin waɗanda matansu suke yi musu wanki amma wuyan rigarsu bai taɓa shaida haka ba. Da sun hango shi sai su fara.

"Ga ango nan tafe. Baban Afiniki, wace ce mai sa'ar? Faɗa mana tun da wuri mu gyara ciki."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Gida zan je. Akwai masu jirana."

Da gaske kuwa akwai masu jiransa. Kowace yamma su ukun suna bakin ƙofa. Damaris ta koma cin abincinta, har ta yi kumatu. Sila kuma ya koyi wata al'ada, da baban ya iso sai ya kama hannunsa ya shinshina ya ce, "Sabulu." Ranar Lahadi manomin ya bar bencin baya, ya shigo da yaransa a jere suka zauna a tsakiya.

Ana nan, damina ta yi nisa, ana maimai, wato noma na biyu. Wata rana da aka yi ruwa da safe, yana tsakiyar gona laka har gwiwa, sai wata mata mai dawowa daga kasuwa ta ɗaga murya daga hanya.

"Baban Afiniki, surukarka ta sauka daga mota tun ɗazu. Na gan ta da wata babbar jaka a ninke a hammata, ta nufi gidanka."

Jaka a ninke, ba komai a ciki, ya san abin da aka zo zubawa. Ya tuna kwanukan da ya bari bai wanke ba saboda ruwan safe. Ya tuna Sila yana mura, kitson Damaris kuma ya kwana shida. Ya yar da fartanya ya zura a guje. Ya faɗa rafi ya haye, ya wuce ɗorawa da taku goma, sa'an nan ya tsaya cik.

Zuciyarsa tana ce masa ya yi sauri kafin tsohuwa ta yanke hukunci. Amma ya dubi jikinsa, ya ce a ransa, "In na faɗa gida a guje da wannan kama, ba Mama kaɗai za ta gan ni ba. Damaris ma za ta gan ni."

Ya juya ya sauko da jakarsa. Sabulu ya suɓuce masa sau biyu, amma bai tsallake komai ba, har dugadugan sai da ya goge. Ya sa rigarsa, ya kama hanyar gida da tafiya irin ta kullum.

Ya tarar da tsohuwa zaune a tsakar gida, Sila a cinyarta, 'yan matan a gefenta, jakar kuma a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, tana dubansa daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Daga ina?"

"Daga gona, Mama."

"Gona, da wannan riga? Ko dai an gaya maka na zo, ka tsaya ka yi kwalliya don ka rufe mini ido?"

Ƙarya ɗaya da ta fisshe shi, amma bai yi ta ba. Ya ce, "An gaya mini kin zo, Mama."

Tsohuwa ta ɗaure fuska. Kafin ta yi magana Damaris ta ce, "Kaka, ai kullum haka yake dawowa. Rigarsa tana kwana a gida, ta yini a ɗorawa."

"Don me?"

Afiniki ce ta ba da labarin yammar nan da Damaris ta ƙi cin abinci, da abin da ta tambaya. Tana cikin faɗa Sila ya zame daga cinyar kakarsa, ya je ya kama hannun baban ya shinshina ya ce, "Sabulu."

Tsohuwa ta bi Sila da kallo. Ta sa bakin zanenta ta share ido, gama 'yarta ce aka ambata.

Can ta ce, "Baban Afiniki, tun kafin ka zo na duba bayan kunnuwansu, na duba farce, na buɗe tsagar kitso. Na ga kwanukanka ma da ba ka wanke ba. Amma ba wannan ya kama ni ba. Da na iso, yaron nan ya fito daga maƙwabta duk ya yi laka. Na miƙa hannu in ɗauke shi, ya ƙi. Sai da ya je bakin randa ya wanke hannu da ƙafa, ya ce wai Baba ba ya shiga gida da ƙafar gona. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne."

Ta sunkuya ta ɗauki jakar da ta zo da ita don kwashe kayan jikokinta, ta miƙa masa.

"Ungo. Afiniki ta ce taka ta ɗorawa ta fara yagewa. Wannan ta yi girma, amma ruwa ba ya ratsa ta. Tuwonka kuwa an ba ni labari, zan kwana uku mu gyara shi."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Manomin nan kai ne, ke ce, duk wanda Allah ya danƙa wa yara a hannu. Gonar ita ce aikin da muke fama da shi don ciyar da su, ba kuwa abin kunya ba ne a yi laka a gona. Laifin da manomin ya fara yi shi ne, ya ɗauka ƙauna ita ce mutum ya yi watsi da kansa. Yaranmu ba su karanta zuciyarmu, fuskarmu da jikinmu suke karantawa. Akwai uwaye a cikinmu da suke shirya yara tsaf ranar Lahadi, su kuma su biyo baya da zanen da suka yi shara da shi, suna cewa ba lokaci. Ina girmama gajiyarku ƙwarai. Amma ku tuna mutumin nan riga biyu gare shi, garwashin da ya rage daga kunu kuma shi ne duk jarinsa. Ba tsadar tufa ake magana ba, jikin nan na Ubangiji ne, ya cancanci a kula da shi.

Rafin kuwa shi ne wurin da mutum yake tsayawa a gaban Allah kafin ya shiga gida. Ba laka kaɗai muke kwasowa a waje ba. Muna kwaso fushi, da zafin baki, da ɓacin ran da wani ya jawo mana. Akwai ubannin da suke raba wa mutanen waje fara'arsu duka, su kawo wa iyali abin da ya saura. Ka tsaya a rafi, ɗan'uwa. Ka yi addu'a ko ta minti biyu ce, ka wanke zuciya, sa'an nan ka yi sallama.

Tsohuwar da ba ta faɗi ranar zuwanta ba tana tuna mana da zuwan Ubangijinmu. Da a ranar nan kaɗai manomin ya yi wanka, da an kama shi, gama shirin gaggawa ba ya ɓoyuwa. Abin da ya tsaya masa shi ne kwanakin da ba wanda yake dubawa, sai yara uku a bakin ƙofa. Su ne kuma suka ba da shaida a kansa.

Kai ma kana da masu jiranka a bakin ƙofa. Yau da yamma za su dubi fuskarka, su san ko gida lafiya.