Mangwaron da Hayatu Ya Hana Irinsa

Mamuda, Balarabe, ku saurare ni. Tunda kun ƙi jin magana a tsakar gida kan mangwaron lambun ubanku, zan faɗa nan, duniya ta ji.

Akwai wani mutum a Maradun ana ce masa Hayatu. Yana da mangwaro guda a bakin gulbi, wanda ubansa ya zo da ƙwallonsa daga Kudu cikin kayan goro. Ga zaƙi, ba zare. Duk ƙasar babu irinsa.

Hayatu ba ya sayar da shi sai yankakke. Ƙwallayen kuwa ya tara ya ƙone, kada wani ya shuka.

Ƙanwarsa Taibatu, mai aure a Bakura, ta roƙe shi: "Yaya, ba ni guda ɗaya in shuka."

Ya ce, "In kowa na da shi, mi ya rage nawa?"

Ta ce, "Mangwaro fa baƙo ne. Ko sunan ba namu ba ne, daga Indiya aka ce ya taso, hannu da hannu har ya iso mu."

Ya ce, "To, ki tafi Indiya."

Sai aikin dam ya zo. Ranar da katafila ta iso gonarsa, iccen na cikin fure, ko ɗa guda bai ƙulla ba. Hayatu ya rungume gindinsa.

Direba ya ce, "Baba, ka kauce!"

"Ɗan nan, wata uku kawai. Bari ya nuna in ɗauki iri."

"Ba ni na sa ranar ba, Baba. Nan duk ruwa zai ci."

Injin na ruri, ƙasa na rawa, Hayatu ya ƙi saki. Maza huɗu suka ɓamɓare shi, katafila ta ture iccen.

Washegari ya taka har Bakura. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Taibatu, don girman Allah, kin taɓa satar mini ƙwallo? Ba zan yi faɗa ba."

Ta ce, "Wallahi na so, Yaya. Tsoronka ya hana ni."

Darasi: Irin da ka hana ɗan'uwanka, kanka ka hana. Ku tura wa masu rowa su karanta. Kai kuma Mamuda, ka bar ƙanenka ya yanki reshe ya aura shi a jikin nasa iccen. Ku kashe maganar nan kafin Juma'a, ina raye.